Ƙotar Da Aka Bayar A Madadin Saniya

Yofudo ya fi son itace a kan mutane, kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen ɓoye hakan ba. In ya shiga gidanka ba zai fara da tambayar lafiyar iyali ba. Kai zai ɗaga ya nemi inda ka rataye bakanka, ya sauko da shi, ya juya, ya shinshina, ya goga a kuncinsa, sannan ya tuna akwai mutane a ɗakin. Ranar da matar maƙwabcinsa ta haifi 'yan biyu ya je barka, maganar da ta fara fita daga bakinsa ita ce, "Wane mara hankali ne ya jingina wannan kusa da gorar ruwa?" Mai jegon ta ce a fitar mata da shi. Ya fita, amma sai da ya matsar da bakan.

A Lazadi, kamar sauran ƙauyukan ƙabilar Lisu da ke maƙale a jikin tsaunukan Kogin Nu, baka mai ƙota ake riƙewa. Itacen bakan a gicciye yake a goshin wata ƙota mai tsawon hannu. Mutum ya ja tsirkiya ya maƙala ta a bayan kunamar ƙashi, ya kwantar da kibiyar gora a kwarmin da ke gadon bayan ƙotar, ya saita, ya taɓa kunama. Da shi ake korar birai daga masara, da shi kurege ke shiga tukunya, in an shafa wa kibiya dafi har beyar yana kayarwa. Yofudo yana yin kowane sashe, amma ƙota ce aikinsa. Itacen baka yakan gaji a sake wani. Tsirkiya kuwa igiyar rama ce, kowace tsohuwa tana murza ta a cinya tana gulma. Ƙota ita ce ake yi sau ɗaya.

Shi ne ɗa na biyar a gidansu, kuma shi kaɗai ya zauna kusa da ubansa lokacin da yayyensa ke bin kurege a dawa. Uban masassaƙi ne mara son magana, da dungure ya fi koyarwa. A wurinsa Yofudo ya san cewa ba a saran itacen ƙota sai sanyi ya shiga, ganye ya zube, ruwan jikin bishiya ya sauka. Ba a saran wadda ta tsiro a ƙasa mai daɗi, don ta girma da gaggawa namanta ya yi sako-sako. A nemi wadda ta sha wuya a tsagin dutse, gefen da rana ba ta daɗewa. Ba a sa mata zarto. Da gatari da turaku ake tsaga ta, ta bi hanyar da ta ga dama. Sai a toshe bakunan gungumen da kakin zuma, a ɗora shi a rumfar gorar da ke saman murhu, inda ake shanya masara, a manta da shi shekara uku. Hayaƙi ya shige shi, ƙwaro ya haƙura da shi.

Bayan gizago da wuƙa sai kankara da fasasshiyar kwalba, sai gurza da ganye mai kaushi, sai a bi ta da haƙorin aladen daji ana dannawa har itacen ya haɗe ya yi santsi. Daga nan kitsen alade da kaki, a narka su tare, a shafa da ɗumi, a mayar saman murhu kwana bakwai, a sauko a sake shafawa. Sau biyar. Ƙotar takan fito da launin tsohuwar zuma, ba ta walƙiya, ba ta zame wa hannu mai gumi.

Masassaƙan ƙetaren kogi ƙaro suke shafawa, ruwan bishiyar nan da ake tsagawa da damina, ya fito fari-fari, iska ta taɓa shi ya koma baƙi ƙirin mai sheƙi. Yofudo ya tsani ƙaro. Yakan ce kurege na hango walƙiyarsa daga tsauni na uku, kuma an yi shi ne don akwatin gawa da akushin masu hali. Akwai wani dalilin, shi ma kowa ya sani: jikinsa ba ya jituwa da shi. Ko ta ƙarƙashin bishiyar ya wuce, kafin yamma fuskarsa ta kumbura, ƙaiƙayi ya hana shi zama. Sai kuma ya je ya auro Camasi, 'yar gidan da suka gaji tsagar ƙaro kaka da kakanni, wadda ke dangwalar sa da yatsa kamar miya ba abin da yake mata.

Ga yadda aka yi auren. Gidan su Camasi suka nemi saniya, kamar yadda ake yi. Gidan su Yofudo ba saniya, ko akuya sai an leƙa maƙwabta. Uban Camasi ya rasu, yayanta Kenapu ne mai magana, maharbi, bahago, mai faɗin kafaɗa da faɗin baki. Ya zo ya zauna a bakin murhu don ya ce a'a, sai idonsa ya faɗa kan wani guntun itace baƙi can a ƙuryar rumfa. Uban Yofudo ne ya saro shi tun yana saurayi, daga wata bishiya da ta fito a tsagin dutse saitin kogi, sai da aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka zura shi. Shekara ashirin da biyu itacen yana shan hayaƙi, tsohon ya mutu bai yarda hannunsa ya kai ya taɓa shi ba.

"Sassaƙa min wancan," in ji Kenapu, "ka riƙe saniyar da ba ka da ita."

Wata huɗu Yofudo ya yi a kanta. Da ya gama ya san ba zai ƙara yin irinta ba, kuma bai ƙara ba. Zaren itacen a miƙe yake tun daga goshi har gindi kamar an taje, in ka ƙwanƙwasa ta da farce sai ta amsa. Ya kai ta da kansa, ya miƙa, ya ƙi saki har sai da Kenapu ya fizge. Camasi ta biyo shi gida, kuma ta sha faɗa wa mata a wurin ɗibar ruwa cewa duk hanya ango waiwaye yake yi.

Shekara arba'in da ɗaya aka yi a haka. Aka haifi biyar, uku suka rayu. Duk bayan kwana biyu Yofudo ya hau gidan surukinsa, wai gaisuwa.

"Yaya, wannan kuma mene ne?" in ji Yofudo, yana taɓa goshin ƙotar.

"Gashin kurege. Ba ka cika kashewa ba, shi ya sa ba ka gane shi ba."

Maharbi in ya yi kisa yakan dangwali jini ya manna ɗan gashi a goshin ƙota, don bakan ya san an gode masa. Kenapu kuwa kisa yake yi ba wasa.

"Kana mayar min da ita teburin mahauci."

"Mayar maka? Sauka gidanka ka duba, akwai wata mai surutu tana dama maka masara. Ita ce taka."

A shekarar da Kenapu ya cika saba'in idanunsa suka yi hazo, tari ya kama ƙirjinsa ya ƙi saki. Ya kwanta a gefen murhu, bakan rataye inda hannunsa zai kai. Ya kira matarsa Duyina ya tuna mata abin da ba ta manta ba: in namiji ya mutu ana kafa sanda a kan kabarinsa, a rataye masa bakansa da kwarinsa da addarsa, kada ya isa can hannu wofi. A nan ake barin su, rana ta doka, ruwa ya doka, har su zube. Yofudo ya sha ganin ƙotocinsa suna ruɓewa a kan tudun kaburbura, yakan yi tsaki ya kau da kai. Amma bai taɓa kawo wa ransa cewa wannan ma can za ta ba. A tudun nan damina biyu ta ishi kowane itace.

Washegari ya hau da sassafe, ya zauna ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya tambayi jiki.

"Jiki ga shi nan," in ji Kenapu. "Me kake so?"

"Zan yi maka sabon baka, Yaya. Na tafiya. Mara nauyi, ka san hanyar da nisa."

"Ka taɓa zuwa ne?"

"Ina nufin wannan ta tsufa. Za ka shiga cikin kakanni da tsohon abu?"

"Ni ma ai tsoho zan shiga."

"To bar wa ɗanka ita."

"Yana garin Fugong yana tuƙa mota. Me zai harba, fasinja?"

"To bar min."

Kenapu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Yanzu ka yi magana. Ai ba wuya, mijin ƙanwata. Musaya muka yi. Maido min da Camasi, ka ɗauki ƙotarka."

Camasi tana bakin ƙofa tana taya Duyina ɓarar masara. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kada ka ba shi zaɓi, Yaya. Tsohon nan zai yi tunani."

Kuma ya yi. Bai daɗe ba, amma kowa ya ga ya yi.

Da baki ya gaza sai Yofudo ya koma wa hannu. Ya sauko da mafi kyawun gungumen da ya rage masa, ya rufe ƙofa, ya shiga sassaƙa wata ƙotar. Ba ya bukatar awo, tsayinta da kaurinta suna cikin kansa fiye da sunayen jikokinsa. Ya yi mata tsagin da haƙorin beyar ya bari a gefe. Ya yi mata tabon ƙuna na ranar da ta faɗa murhu, ranar da ya yi wata guda bai yi wa Kenapu magana ba. Ya kwaɓa kunkunniya da tsohon kitse ya shafa, ya yanka zakara ya sami jini, ya tsigi gashin kuregen da ya roƙo a maƙwabta ya manna a goshi. Ya tsufar da kunamar ƙashi a ruwan shayi. Abu ɗaya ya rage, santsin da hannu ke bari, shi kuwa ba a shafa shi daga tukunya. Don haka wata biyu cur ƙotar tana hannunsa. Yana cin abinci yana murza ta, yana tsaron birai a gona yana murza ta, yana faɗa da Camasi yana murza ta.

"Sata za ka yi," in ji Camasi.

"Musaya."

"Da makaho."

"Ai shi ya fara cewa musaya."

"In ya kama ka kada ka ce na sani. In bai kama ka ba, ni zan faɗa masa."

"To me ya rage min?"

"Hankali, in akwai saura."

Ranar da ya zaɓa Duyina ta sauka ba aladu abinci, Kenapu yana barcin rana baki buɗe. Yofudo ya shigo da kwandon masara a baya, bakan jabu a ƙarƙashi. Ya sauke na gaske, ya rataye na ƙarya, ya rufe na gaske da masara. Duk wannan bai kai shan lofen taba ɗaya ba. Da ya ɗauki kwandonsa ya fita, da ya tsira, aƙalla na ranar. Amma wata biyu ya yi yana aiki, kuma masassaƙi yana son ya ga an karɓi aikinsa. Ya zauna, ya zuba wa kansa shayi, ya jira.

Kenapu ya farka, ya yi tari, ya miƙa hannun hagu kamar kullum ya sauko da bakan ya ɗora a ƙirji. Yatsunsa suka bi goshi, suka sami gashin kurege. Suka bi gefe, suka sami haƙorin beyar. Yofudo ya kurɓi shayi yana jin daɗin duniya. Sai babban yatsan ya sauka inda ya saba sauka shekara arba'in da ɗaya, ya tsaya. Ya koma ɗaya gefen, ya sake tsayawa.

"Duyina!" ya ƙwala kira. "Zo ki ga baƙuwa mun yi."

"Wace baƙuwa, Yaya?" in ji Yofudo.

"Au, kana nan? Ɓarawon ma bai iya gudu ba." Ya ɗaga bakan sama. "Kyakkyawa ce, ban hana ka ba. Amma wannan yarinyar hannun dama ta sani. Santsinta duk a gefen da ba nawa ba yake. Shekara nawa kana kallona ina harbi, kai masassaƙin banza?"

Yofudo ya dubi hannunsa na dama kamar wani ne ya ara masa. Wata biyu yana murzawa, bai taɓa sauya hannu ba.

"Ka yi wa ido aiki," in ji Kenapu, "ni kuwa ido ya daɗe da sallama ta. Tono min matata daga cikin masara."

Duyina ta shigo ta tarar da surukinta a durƙushe yana zubar da masara a ƙasa. Ta bari sai da ya gama, sannan ta sa shi ya tsince ta tas, har wadda ta faɗa tsakanin katako wurin aladun da ke ƙarƙashin ɗaki. Labarin ya riga shi sauka gida. Jabun kuwa Kenapu ya ƙi mayarwa, ya ba wani ɗan ƙanensa, wai ladan wahalar da aka ba shi.

Kenapu ya mutu da farkon damina, da hantsi, yana tsakiyar yi wa Duyina ƙorafin gishiri. Aka kai shi tudu, saman gonakin masara. Aka kafa sanda, aka rataye adda, aka rataye kwarin fatar beyar, aka ɗaura wa bakan igiyar fata a goshi aka rataye. Mata suna kuka, Yofudo ma yana hawaye, kuma ba wanda ya tambaye shi na wane ne.

Kwana huɗu ana ruwa. A rana ta biyar ya hau. Tsirkiya ta saki, wannan bai dame shi ba. Amma ruwa ya wanke kaki daga gadon bayan ƙotar, fumfuna fari ya fara fitowa a kwarmin kibiya. Ya goge da rigarsa, ya shafa kitse. Bayan kwana uku ya dawo ya tarar ɓeraye sun bi ƙanshin kitsen sun ɗanɗana gindin. Ya yi mata hula da ɓawon itace, iskar kwazazzabo ta ɗauke. Ya yi wata ya ɗaure da kyau, ruwan ya zo a karkace ya shiga ta ƙasa. Can sama ko ba a ruwa hazo kaɗai ya isa, yakan kwana ya wuni a jikin abu.

Ya sauka wurin Duyina.

"Matar Yaya, ki ba ni ita kwana goma. Goma kawai. In gyara in maido."

"Kai? In ba ka?"

"Na rantse zan maido."

"Wacce za ka maido, ta dama ko ta hagu?" Ta ci gaba da tankaɗe. "Bakan nan ba zai sauka daga sanda ba. Mijina yana can yana amfani da shi. In kana da abin yi, tudu bai da ƙofa."

A gida ya ƙi cin abinci. Camasi ta ƙyale shi kwana biyu, don ta san ba ya mutuwa da wuri. A na uku ta ajiye masa kwano da ƙarfi.

"Akwai abin da ruwa ba ya ci, ka san shi. Akwatin gawar kakata shekara talatin a ƙasa, da zaizayar ruwa ta tono shi yana nan yana sheƙi."

"Ba zan sa mata ƙaro ba."

"To sa mata hawaye, mu ga ko suna tare ruwa."

Can ya ce, a hankali, "Ƙaro ba ya kama itace mai maiƙo."

"Ba ya kamawa."

"Sai an wanke."

"Sai an wanke, an kankare, har a ga farin itace."

Wannan ne ya fi ƙaiƙayin tsorata shi. Launin tsohuwar zumar nan, kitse sau biyar na farko da duk wanda ya biyo baya, hayaƙin murhu biyu, jinin kurege, santsin babban yatsan hagu, duk abin da ya sa ta zama ita, a saman itacen yake, kuma shi ne zai tafi. In ya bar mata fuskarta, damina biyu ta ruɓe. In yana son ta rayu sai ya cire fuskar da hannunsa.

"Ni zan shafa," in ji Camasi. "Ba ya yi min komai."

"Ba hannun da zai gama aikina sai nawa."

"Za ka kumbura kamar kabewa."

"Na sani."

"Ni ma ruwa ya dake ni shekara arba'in a gonarka, ban ga ka hau tudu da man shafawa ba."

"Ke ai ba kya ruɓewa," in ji shi, kuma da nufin yabo ya faɗa.

Ta dube shi ta girgiza kai. Sannan ta ɗauko wuƙa ta yanko gashi daga ƙeyarta, tsawon yatsa, ta matse shi tsakanin gora biyu ta ɗaure, don ƙaro ba ya kwanciya da kyau sai da burushin gashin mutum. Washegari ta hau bishiyoyin gidansu ta tsago masa rabin gorar ƙaro, ta tace a ƙyalle.

Ya hau da tukunyar ruwan toka. A tsaye ya yi aikin, bakan yana rataye, kamar yadda Duyina ta ce. Ya wanke, ya bari ya sha iska, ya sake wankewa, baƙin ruwa yana bin sandar yana shiga ƙasar kabari. Ya sa kwalba ya kankare. Gashin kurege ya tafi, tabon ƙuna ya dushe. Da ya zo gefen da yatsan Kenapu ya cinye, ya ga ashe ba santsi kaɗai ba ne, har ɗan lotsawa itacen ya yi, kamar cikin cokali. Wannan kwalba ba za ta iya ɗauke shi ba. Ya sa nasa yatsan a ciki, bai zauna daidai ba. Ya sauya hannu, ya zauna.

"To, Yaya," ya ce wa tudun ƙasar, "ka ci."

Ƙaro rana ba ta busar da shi, laima yake so, don haka damina ta zama abokiyar aiki. Shafi ɗaya, a bari kwana huɗu, a gurza da gawayi, a sake. Sau bakwai. Tun shafin farko fuskarsa ta tashi. A na biyu idanunsa suka koma tsaga biyu, leɓensa ya yi nauyi, wuyan hannunsa ya yi ƙuraje masu ruwa. Camasi ta sauka rafi ta kamo ƙaguwa ta daka ta shafa masa, maganin da gidansu ke yi wa baƙi, gidan ya ɗauki ƙarni har karnuka suna zuwa gaisuwa. Mutanen da ya yi shekara da shekaru yana zagin bakunansu suka sami rana.

"Baba Yofudo, kai ne ko yayanka?"

"Sannu, Kawu! Wa ya shafa maka ƙaro? Ka yi sheƙi!"

"A hankali, kada kurege ya hango ka daga tsauni na uku!"

Ba ya iya ramawa, leɓen bai bari. Yakan ɗaga sanda ya wuce, yana hawa yana susa. A shafi na biyar Camasi ta riƙa jan shi da sanda kamar makaho, ta zauna a kan dutse tana murza rama tana ba shi umarni: ya yi kauri a nan, ka tsallake can, kada ka koma inda ka wuce. Karon farko ke nan a zamansu da ta koya masa wani abu game da itace, kuma ba ta yi masa sauƙi ba.

Da aka gama, ƙotar ta fito baƙa ƙirin tana walƙiya, irin abin da ya yi rayuwarsa yana zagi. Duyina ta hau ta gani, ta zagaya sandar, ta ce ta yi kama da kayan masu kuɗi, Kenapu zai yi ta taƙama a can. Yofudo ya ƙwanƙwasa ta da farce. Ta amsa. Ya sauka gida ya kwanta kwana goma sha biyu, fatarsa tana saɓulewa, yana cin abinci kamar mai jego.

Damina biyu ta wuce, ta uku ta wuce. Addar ta yi tsatsa, kwarin ya zube, itacen baka ya tsage, ƙotar tana nan, ruwa yana gangarewa a jikinta kamar a bayan agwagwa. Wuri ɗaya ne burushi bai kai ba: cikin ramin kunama. In ƙotar ta ba yamma baya, ba komai. Amma a igiya take, iska tana juya ta, in ramin ya kalli yamma, inda ruwa ke fitowa, sai ya cika ya kwana da shi. Don haka duk bayan kwana biyu Yofudo ya hau ya juya ta. A shekara ta huɗu gwiwarsa ta hagu ta ce ta gama da tudu. Camasi ta hau masa sau uku, ta ce ita ma ba gwiwar ƙarfe gare ta ba, kuma yayanta ya ga fuskarta ya isa haka.

Ranar bikin sabuwar shekara, lokacin da maza ke taruwa a fili suna harbin wainar masara da aka soke a sanda, duk wanda ya samu ya ɗauka, aka ga Yofudo ya dogara sanda ya shiga tsakiyar fili, daidai tsakanin maharba da waina. Dole aka sauke bakuna. Mutane suka ja nasu baya, suna jiran zagi.

"Ba bakunanku na zo gani ba," in ji shi. "Na gan su daga can, ba su da kyau. Roƙo na zo yi."

Mutane suka dubi juna, don ba a taɓa jin wannan kalmar a bakinsa ba.

"Duk kuna da gona a sama. Duk kuna wucewa ta gefen Kenapu. Na san ba kwa son taɓa kayan matattu. Ni na taɓa sau ɗari, ban ga ya biyo ni ba, kuma kun san shi, da zai biyo wani da ni zai fara. Ban ce ku shafa mata komai ba, kada ma wanda ya kuskura. Ban ce ku sauke ta ba. In kun zo wucewa ku ɗaga kai ku duba. In kun ga ramin kunama yana kallon yamma, ku sa yatsa biyu ku juya ta, ta ba ruwa baya. Shi ke nan. Wanda hannunsa ke da maiƙo ya goge a wando tukuna."